Na aika kayan injin motona Faransa an daskarar da su, ga abin da na gani

Mu da ke hawa tudun rairayi can bayan unguwar Harobanda ta Yamai ran Lahadi mun san yadda moto Yamaha YZ250F ke cin kanta in zafin Afrilu ya kama. Ni dai pinyon, wato ƙarafa masu haƙora na giya ta biyu da ta ukku, su ne ke kashe mini kuɗi, haƙoran su cinye, duk sanda na juye baƙin mai sai in tarar da garin ƙarfe ya manne a maganaɗisun bushon, wato marfin ramin juye man, kamar kwalli.

Yayana da ke Liyon ne ya ce in sayi sabbi in ba mai tafiya ya kai mishi, akwai garejin da ke daskarar da ƙarfe don ya rage cinyewa. Makanikena ya ce "Alhaji ƙarami, firjin gidanku ya lalace ne?" Amma abin ba na firji ba ne. Ruwan azot, wato iskar nitrojin da aka mayar ruwa, suke amfani da shi, wanda ke tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, su sauke sanyin sannu sannu har wajen 185 don kar ƙarfen ya tsage, ya kwana a haka kamar awa 24, ya dawo a hankali, sannan su ɗan gasa shi wajen digiri 150. Wani ɓangare na cikin ƙarfen da bai gama tauri ba tun daga masana'anta, ostenit suke ce mishi, shi ne sanyin ke mayarwa martensit mai tauri, kuma har cikin ƙarfen aikin ke shiga ba fenti ba ne a sama.

Da kayan suka dawo wallahi raina ya ɗan ɓaci, ba abin da ya canza a ido, ko kala, ga kuɗin aikawa ya fi na aikin kanshi, ga wata biyu moto na jingine a zaure.

Yanzu wata bakwai ke nan. Juyen mai na bayan nan na goge bushon da farin tsumma, ɗan dishi-dishi kawai, na nuna ma makanike ya daɗe yana jujjuya shi a hannu. Gudu kam ko kaɗan bai ƙaru ba, duk wanda ya ce maka zai ƙaru yaudararka yake. Fiston da na haɗa cikin kayan ma asara na yi, alminiyom ne, ƙurar nan tamu ta ci shi yadda ta saba.

In mai tafiya ya samu bayan salla, faifan birki zan aika da sipirin na supap, wato bawul na inji.