Kwana huɗu a tanti a gindin duwatsun Wales: sharhi kan bikin Green Man

A tsakiyar watan Agustan bara ni da uwargida da yaranmu uku muka tashi daga Birmingham zuwa kudancin Wales, a Birtaniya, domin halartar Green Man, bikin kiɗa da waƙa da ake yi duk shekara a filin Glanusk, kusa da ƙaramin garin Crickhowell. Tikitin na saya tun kakar bara waccan, lokacin da ko sunan mawaƙi ɗaya ba a bayyana ba, domin tikitin wannan biki yakan ƙare tun kafin a san waɗanda za su hau dandali. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum cewa ba wani mawaƙi jama'a suke bi ba, wurin da kansa suke saye. Ban fahimci hakan sosai ba sai da muka je muka dawo.

An fara bikin a 2003 da taron yini guda wanda mutane wajen 300 suka halarta, sannan ya sauya wuri kafin ya zauna a Glanusk a 2006. Yanzu yana ɗaukar mutane kimanin 25,000, ana buɗewa ranar Alhamis a rufe daren Lahadi, kuma akwai wani tikiti na daban ga waɗanda suke son kafa tantinsu tun ranar Litinin su yi mako guda cur. Fiona Stewart ce take jagorantarsa, kuma an san shi da ƙin karɓar tallafin manyan kamfanoni. Ana ganin tasirin hakan da ido, domin babu allunan talla da suka rufe ko'ina, kuma sunayen dandalolin ba na wani banki ko kamfanin waya ba ne.

Tafiyar ta ɗauke mu awa biyu da 'yan kai, ta Ross-on-Wye da Monmouth da Abergavenny. Da muka shiga Wales yara suka fara karanta allunan hanya masu harshe biyu, suna tambayar ma'anar kalmar "araf" da aka rubuta a kan kwalta, wadda take nufin a rage gudu. Filin bikin yana cikin gandun da aka fi sani da Brecon Beacons, wanda hukumarsa ta koma amfani da sunansa na harshen gida, Bannau Brycheiniog, a 2023, kuma kogin Usk yana ratsa gefensa. Wanda ba shi da mota yana iya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Abergavenny ya shiga bas ɗin da take jigilar mahalarta.

Kuskurena na farko shi ne yawan kaya. Daga inda ake ajiye motoci zuwa sashen da aka keɓe wa masu iyali akwai 'yar tafiya a kan ciyawa, kuma sai da na yi sawu huɗu ina ɗauke da tanti da kula da katifun iska da barguna, yayin da waɗanda suka saba zuwa suke wuce ni suna jan ƙananan amalanke masu ƙafa huɗu cikin kwanciyar hankali. Daga baya na ga amfanin amalanken na biyu, domin da dare a cikinsu ake shimfiɗa wa ƙananan yara su yi barci, a lulluɓe su, a ja su daga wannan dandali zuwa wancan, wasu ma an yi musu ado da ƙananan fitilu don kada wani ya yi karo da su a duhu. A sashen iyali maƙwabtanmu duk masu yara ne, saboda haka kukan jariri da asuba bai dami kowa ba, kuma da dare ya yi nisa wurin yakan yi tsit, sai dai amon ganguna daga nesa.

Babban dandalin, wanda ake kira Mountain Stage, shi ne abin da ya fi burge ni a tsarin wurin. An kafa shi a ƙasan wani gangare, ciyawar da take gabansa kuma hawa-hawa ce kamar matattakala, ta yadda mai iyali zai shimfiɗa bargo can sama ya zauna, ya ga komai ya ji komai, ba tare da ya shiga turmutsutsun da yake gaba ba. A bayan dandalin dutsen Crug Hywel ne tsaye da shimfiɗaɗɗen kansa, kuma da yamma, idan rana ta karkata, haske yakan sauka a kansa har mutum ya manta da wanda yake waƙa. Mun yi yammaci uku a wuri ɗaya a kan wannan gangare, yara suna mirginawa zuwa ƙasa suna dawowa, uwargida tana zuba mana shayi daga filas.

Game da kiɗan kansa, dole in yi wa mai karatu bayani kaɗan, domin ba irin wanda muka saba ji a gidan biki ba ne. Kashi ɗaya shi ne na mawaƙa masu zaman kansu, waɗanda asalin sunan salonsu, wato "indie", ya fito daga rashin kasancewa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, kuma yawanci jita ce da ganga da murya. Kashi na biyu shi ne na gargajiyar Turawa da abin da ya tsiro daga gare ta, inda mutum ɗaya ko biyu za su zauna da jita ko goge irin nasu su rera labarin teku ko na ma'aikatan haƙar kwal ko na rabuwa. Wannan kashi na biyu ya fi shiga raina, kuma a dandalin Walled Garden na fi jin daɗinsa, wani lambu da tsohuwar katanga ta kewaye, inda murya ba ta watsewa. Akwai wata mawaƙiya da ta rera waƙoƙi da harshen Wales tana kaɗa wani babban abin kiɗa mai tsirkiya da yawa wanda ake jingina wa kafaɗa. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma ɗaruruwan mutane sun yi shiru har ana jin motsin ganye, kuma na lura cewa babbar 'yarmu, wadda ba ta iya zama minti biyar ba tare da magana ba, ita ma ta yi tsit. Da wani ya fito da banjo sai ɗanmu na tsakiya ya ce ai wannan gurmi ne aka sa masa ƙarfe. Bai yi nisa da gaskiya ba, domin asalin banjo daga kayan kiɗan tsirkiya ne na Afirka ta Yamma, waɗanda bayin da aka kai yankin Karibiyan suka sake ƙerawa da ƙwarya da fata. Ba duk abin da na ji ne ya yi mini ba. A babban tantin Far Out ƙarar ta fi ƙarfin kunnena, na leƙa sau ɗaya na fita, amma matasan da suke ciki ba su nuna alamar suna da ƙorafi ba.

Inda bikin ya cika alkawarinsa shi ne wajen yara, kuma a nan ne na ga bambanci tsakanin taron da yake haƙuri da yara da wanda aka tsara da su a zuciya. Akwai sashe guda, Little Folk, na waɗanda ba su wuce shekara goma sha biyu ba, inda ake wasan kwaikwayo da ba da labari da zane da ƙere-ƙere tun safe har yamma, akwai kuma wani na daban na 'yan shekara goma sha. Sai dai namu sun fi maƙalewa a Einstein's Garden, lambun kimiyya inda masu bincike daga jami'o'i suke kafa rumfuna. A wata rumfa wata matashiya ta ɗebo ruwan kududdufi ta ɗiga a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce wa autanmu mai shekara biyar ya leƙa. Ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa, sannan ya juyo ya ce mini, "Baba, akwai masu rai a ciki, kuma suna gudu." Matashiyar ta durƙusa daidai tsayinsa ta kwashe kusan minti goma tana amsa tambayoyinsa, alhali akwai layi a bayanmu kuma babu wanda ya yi tsaki. Har yau idan ya ga ruwa kwance a hanya sai ya tsaya ya duba. Mun rubuta lambar wayarmu a abin hannun da aka ɗaura wa kowane yaro, kamar yadda sauran iyaye suke yi, kuma zuwa rana ta uku na tsinci kaina ina barin manyan biyu su je sayen abinci su kaɗai, abin da ban taɓa yi ba a cikin gari.

Ruwan sama ya sauka daren Juma'a. Wales ƙasar ruwa ce ko da a watan Agusta, kuma na san da haka, amma tantin da na saya da araha a wani shago, wanda mai shagon ya rantse mini ba ya yoyo, ya fara ɗiga ta wajen ɗinki tun kafin ƙarfe biyu na dare. Uwargida ta tashe ni tana cewa, "Baban yara, tashi ka ga arahar taka." Muka tattara yara gefe guda, muka tara kwanoni, muka kwana a zaune. Da gari ya waye wani dattijo da yake tantin kusa da namu ya kawo mana babbar leda da igiya ya taya ni ɗaurawa a sama, ya kuma nuna mini cewa na bar rufin waje yana taɓa na ciki, wanda shi ne rabin matsalar. Hanyoyin da aka fi bi sun yi caɓi a ranar Asabar, kuma dogayen takalman roba da muka tafi da su sun fi duk wani abu da muka ɗauko amfani. Dare kuma yana da sanyi fiye da yadda zafin rana yake sa mutum ya zata.

Iyalin Musulmi da suke tunanin zuwa suna da abubuwan da ya kamata su sani tun daga gida. Ana sayar da giya a fili, har akwai farfajiya guda da aka keɓe wa giyar Wales, sai dai a kwanakin da muka yi ban ga wanda ya yi tambele a sashen yara ko na iyali ba, kuma kauce wa wuraren shan ba shi da wahala. Rumfunan abinci suna da yawa, amma da na tambayi wani mai gasa nama ko namansa yankan Musulmi ne sai ya yi ta kame-kame, na yi masa godiya na wuce. Mun dogara da abincin ganye da wake da kifi, wanda yake da yawa kuma mai daɗi ko da yake ba shi da araha, sannan da dambun nama da yaji da muka taho da su, waɗanda suka ceci burodin safe. Salla ba ta ba mu wahala ba. Akwai famfuna a sashen kwana, mun tafi da buta da darduma, alƙibla tana kudu maso gabas, kuma da yake muna kan tafiya mun yi ƙasaru. Abin da ya fi wuya shi ne lokaci, domin magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, daidai lokacin da manyan mawaƙa suke shirin hawa, asuba kuma tana yi wajen ƙarfe huɗu, lokacin da jiki ya fi nauyi. Wata safiya ina salla a bayan tanti wata mata ta zo wucewa da kayan wankinta a hannu, ta tsaya cak har na sallame don kada ta gifta ta gabana, sannan ta yi murmushi ta wuce.

Sunan bikin ya fito ne daga wata fuskar mutum mai ganye da ake samu a sassaƙe a tsofaffin coci-coci na Turai, kuma Lady Raglan ce ta yaɗa wannan suna a wata maƙala da ta rubuta a 1939. Kowace shekara ana gina ƙaton mutum-mutumi na itace da ganye a tsakiyar filin, mutane su rubuta burinsu a 'yan takardu su maƙala masa, sannan a cinna masa wuta daren Lahadi tare da wasan tartsatsi. Babbar 'yarmu ta so ta rubuta nata. Na zaunar da ita na ce mata mu abin da muke so wurin Allah muke roƙa, waɗannan kuwa al'adar bikinsu ce, za mu kalla kamar yadda baƙo yake kallon wasan garin da ya sauka. Ta yarda ba tare da gardama ba, ko da yake ina zaton alkawarin barinta ta kai tsakar dare a farke ne ya fi yin aiki.

Kuɗin da muka kashe ba kaɗan ba ne idan aka haɗa tikiti da mai da abinci da kayan kwana, ya kusa kai na ɗan gajeren hutu a ƙasar waje, kuma mai jariri ɗan watanni ko wanda ba ya jure banɗakin taro gara ya dakata. Wayar hannu ma ba ta samun layi sosai idan jama'a sun cika, saboda haka muka sa wata bishiya ta zama mahaɗarmu idan an rabu. Duk da haka na riga na yanke shawarar komawa, da tanti mai kyau da amalanke da rabin kayan da na ɗauko. Daren Lahadi, lokacin da wutar ta kama mutum-mutumin har zafinta ya iso inda muke tsaye, autanmu ya riga ya yi barci a kafaɗata, kuma da safe ya ƙi yarda cewa an ƙona shi sai da muka je ya ga tokar da idonsa.