Jitar jaz: wacce za ka saya, wacce za ka bar wa mai ita

Duk wanda ya fara koyon tsofaffin waƙoƙin jaz, irin su Autumn Leaves da makaɗa ke ta juyawa tun shekarun 1950, ba ya daɗewa sai ya fara zargin jitarsa. Sau da yawa laifin yatsu ne, amma wani lokacin da gaske kayan ne. Abin da jaz ke nema wajen jita bai da yawa, sai dai ba ya ɗaga ƙafa: ka danna tsirkiya huɗu tare, kowace ta fito da muryarta; ka taɓa a hankali, ta amsa a hankali; sauti ya faɗo da nauyi, ya kauce da wuri don na bayansa ya samu gurbi. Makaɗa sun sha musu kan abin da ake kira jaz mai kyau, amma ban taɓa jin wanda ya cire riƙon lokaci daga lissafi ba. Makaɗin jita Freddie Green ya yi kusan shekara 50 a ƙungiyar jaz ta Count Basie yana riƙe bugu kawai, da wuya a ji shi ya fita shi kaɗai, kuma har gobe ana koyo daga gare shi.

Ni dai zaɓina ES-175 ta kamfanin Gibson ce da danginta. Ta fito a 1949, kuma farashinta na lokacin, dala 175, shi ya zama sunanta. Cikinta fanko ne, jikinta kuma ba sassaƙaƙƙen katako guda ba ne, falle-falle ne aka manne aka matse. A takarda wannan araha ce, a kunne kuwa nan daɗin yake. Sautinta gajere ne, busasshe, mai ɗan duhu, ba ya jan jela, shi ya sa idan kana tafiyar da tsirkiyar ƙasa da babban yatsa kana ɗora waƙa a sama, komai na fita daki-daki. Cikin manyan makaɗan jitar jaz, Joe Pass ya riƙe ta, Jim Hall da Herb Ellis ma haka, Pat Metheny kuwa ya yi shekaru da tasa har ta tsufa a hannunsa. Tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, don haka mai gajerun yatsu ba ya shan wahalar miƙewa.

Akwai kuma dalilin da ba za ka ji a bakin masu sayarwa na Turai ba. A Kano ko Damagaram, idan hunturu ya kankama, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta tsakanin 45 da 55. Siririn katako guda yana tsukewa har ya tsage. Mai falle-falle ya fi haƙuri nesa ba kusa ba.

Asalin ES-175, ko ta gwanjo ce, dubban daloli ake magana. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba Ibanez AF75 ko Epiphone Joe Pass Emperor II. Ginin iri ɗaya ne, kuma idan ka sa musu tsirkiya mai sulɓi, kauri 12, irin D'Addario Chromes ko Thomastik, ka yi amfani da na'urar ɗaukar sauti ta kusa da wuya, ka ɗan rage kaifi, mai sauraro a bayan ɗaki ba zai tambaye ka sunan kamfani ba. Abu biyu ka sani. Idan ka ƙure amfilifaya za ta yi maka kuka, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sannan gadar da tsirkiyoyi ke hawa ba a manne take ba, nauyinsu ne ke riƙe ta, saboda haka ka riƙa canza su ɗaya bayan ɗaya.

Sauran fa? Gibson L-5 ta Wes Montgomery sarauniya ce, amma kuɗin mota ne, kuma fuskarta sassaƙaƙƙiya ce, hunturu na jiran ta. ES-335 ta 1958, mai gungume a tsakiyar ciki, ta mai son haɗa jaz da kiɗan blues ce, kuma tana da nauyi a kafaɗa. Telecaster, wadda cikinta ba fanko ba ne, tana iyawa, Ed Bickert na Kanada ya nuna haka, sai dai ni ba ta ba ni wannan iskar da ke cikin akwati. Irin ta makaɗi Django Reinhardt kuwa salo ɗaya ta sani.

Kafin launi, kafin suna, ka duba wuya. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙe shi idan ya lanƙwashe. An taɓa sayar mini da jita a intanet, hotuna tas-tas, tambarin Gibson na sheƙi. Rani na shigowa wuya ya yi baka, na kai wa mai gyara, ya sa sifana, sandar na ta juyawa a banza ba ta kama komai ba. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na ga an buɗe murfin sandar an juya ta gaba da baya a gabana. Ka kuma danna tsirkiyar ƙasa a gaɓar farko da ta ƙarshe, ka leƙa tsakiya: ratar kada ta wuce kaurin katin waya.

Jabun Gibson ya zama sana'a mai zaman kanta. A Nuwamban 2024 jami'an kwastam na Amurka suka sanar da kama jabu sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Waɗannan waɗanda aka kama ke nan. Don haka ka ƙirga kusoshin murfin sandar: na Gibson biyu ne, jabu galibi uku, kodayake masu wayo sun fara gyara wannan, kuma Epiphone ta gaskiya ma takan zo da uku. Ka buɗe murfin: na Gibson noti ne da ake kamawa da sifana, ba ramin da ake zura makulli mai kusurwa shida ba. Lambar shaida da ke bayan kan jitar a jikin katako ake buga ta, ka nemi hotonta ka tura wa kamfanin da kanka, domin 'yan damfara suna kwafar lambar gaskiya su buga wa jita da yawa. Fenti mai kauri kamar roba alama ce, haka haruffan tambari da suka kumbura ko suka karkace.

Ka yi hattara da labari mai daɗi: wai ta wani Bature ce da ya koma gida, wai mai ita na asibiti ana neman kuɗi yau-yau. Wanda ya ƙi kiran bidiyo, ko ya ce ka tura rabi kafin ka gani, ka bar masa kayansa. Idan za ka je gani, ka tafi da igiyarka ta jona jita da wani wanda ya iya bugawa, ka sa a jona ta a amfilifaya, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, sannan ka buga waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe kafin a fara ciniki.