Tankin Accutronics 4AB3C1C a na'urar amsa-kuwwa ta haɗin gida: inda laifinsa yake, da inda ake ɗora masa

Yawancin masu haɗa wa jita na'urar amsa-kuwwa mai bawul, irin bawul ɗin gilashin nan na tsohuwar rediyo, zanen 6G15 na kamfanin Fender suke bi, na'urar da ta fito a 1961 aka daina ƙera ta a 1966. Bawul uku gare ta. 12AT7 yana ɗaga sautin jita, 6K6GT yana tura shi cikin sifirin, 7025 ko 12AX7 yana karɓo abin da ya dawo. Shi kuwa amon da ake nema, a cikin tanki ake haifar da shi: dogon kwanon ƙarfe mai kusan inci 17, da layi biyu na sifirin a miƙe a ciki, kowane layi sifirin biyu ne aka haɗa a tsakiya.

Tankin da ya dace da wannan zane shi ne Accutronics 4AB3C1C. Kamfanin ya daɗe a jihar Ilinoi ta Amurka, har Belton na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2009. Tanki ne mai kyau, yana da kaifin murya, kuma idan aka tsinki tsirkiya da ƙarfi yakan ba da wannan ɗigon mai kama da faɗuwar ruwa a rijiya. Mai layi uku, wato samfuri na 9, ya fi shi santsi da cika, amma ɗigon nan yakan dushe a cikinsa. Ga 6G15 dai, samfuri na 4, wato wannan mai layi biyu, shi ne gwani.

Lambar da ke jikinsa ba ado ba ce. Harafin A na nufin mashiga om 8, B na nufin mafita om 2,250, lamba 3 kuma dogon amo ne, daƙiƙa 2.75 zuwa 4. C na farko yana cewa mashiga a ware take daga kwanon, mafita kuma a haɗe. Harafin ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi rainawa. C na nufin a kafa shi a tsaye, bakunan waya suna kallon sama, yadda yake a bayan allon gaba na 6G15. Wanda ya fi yawa a kasuwa, 4AB3C1B, na kwanciya ne, buɗaɗɗen gefensa yana kallon ƙasa. A kowane bakin sifirin akwai ɗan mitsitsin maganaɗisu da aka saita shi ya zauna daidai tsakiyar gurbinsa idan tankin yana yadda aka nufa. Aka juya shi, nauyin sifirin sai ya janye maganaɗisun gefe. Zai yi aiki, sai dai amon ya ragu, wani lokaci har a ji yana gogar ƙarfe.

Kafin a taɓa komai a cikin na'urar, a zare filogi, a sauke wutar manyan kafasita ta hanyar rasista, a auna da mita. Kusan bolt 300 ke yawo a nan, kuma yana kisa.

Idan babu amo ko kaɗan, a buɗe Mixer, wato maɓallin da ke gauraya amon da muryar jita, a ɗan ƙwanƙwasa tankin da yatsa. Aka ji rugugi kamar tsawa a lasifika, to ɓangaren dawowa lafiya lau, matsalar tana wajen 12AT7, 6K6GT, ƙaramar taransifomar da ke tura sauti, ko mashigar tankin kanta. Aka ji shiru, sai a zare wayoyin RCA, wato waɗanda suka haɗa tankin da na'urar, a ɗora mita a bakunan tankin. Mashiga za ta nuna kusan om 1, mafita kusan om 200. Kada wannan ya rikita kowa da om 8 da 2,250 na sama, waɗancan awo ne na lokacin da sauti ke wucewa, awon mita daban ne. Idan mita ba ta motsa ba, waya ta tsinke, kuma nan ne ainihin raunin wannan tanki: wayoyin da suka tashi daga bakin RCA zuwa koyil, wato naɗin wayar da ke bakin sifirin, sirara ne ƙwarai, girgiza tana karya su dab da inda aka liƙa su. Idan a bakin RCA ne, ɗigon dalma ya wadatar. Idan a cikin koyil ne, sabon tanki kawai. Kada kuma a kunna na'urar a yi ta kiɗa alhali mashiga a zare take, domin 6K6GT ba shi da inda zai sauke ƙarfinsa, taransifomar ce za ta sha wuya.

Amo mai rauni, sau da yawa wayoyin RCA ne aka sauya wa wuri, ko kuma an bar sosan da ake cusawa a ƙarƙashin sifirin lokacin aikowa.

Sai ƙorafin da ya fi yawa: sautin ya yi siriri, yana sukar kunne. A nan tanki ba ruwansa. Farko a duba taransifomar tura sauti. Wadda ake sawa a amfilifayoyin Fender masu amsa-kuwwa a ciki an naɗa ta ne don 12AT7, kusan om 25,000. Shi 6K6GT wajen om 7,600 yake so. An sa masa waccan, ƙarfi ya tafi, kauri ya tafi. Bayan haka akwai ƙaramin kafasita na 250pF a hanyar amon zuwa Mixer, wanda aikinsa tare kaurin sauti. Mayar da shi 390pF yana cika amon ba tare da ya zama laka ba. Wuce haka da yawa kuma sai ɗigon ya nutse. Wanda ya sa 6V6 a madadin 6K6GT, kamar yadda Fender ta yi da ta sake fito da na'urar a shekarun 1990, ya sani 6V6 ya fi ƙarfi, yana dukan sifirin da wuri. Idan amon yana fashewa, a rage Dwell, maɓallin da ke saita ƙarfin sautin da ake tura wa sifirin, tukuna kafin a zargi wani abu.

Akwai kuma masu cewa da zarar sun haɗa na'urar, muryar jitar kanta ta dushe. Wannan daga Mixer ne, mai om 250,000. Idan yana tsakiya, doguwar waya zuwa amfilifaya tana shanye kaifin sauti, don kowace mita ɗaya ta wayar jita tana ɗauke da kusan 100pF. A sa gajeriya, mita ɗaya ko ƙasa da haka, bambancin a bayyane yake.

Gurnani iri biyu ne, kuma Mixer ne ke raba gardama. Wanda ke ƙaruwa idan an buɗe shi ta tanki yake shigowa. Abin da ke fita daga sifirin 'yan milibolt ne kacal, koyil ɗin mafita kuma yana kama maganaɗisun babbar taransifomar wuta kamar eriya. Don haka gefen mafita shi ne zai yi nesa da ita, wayarsa kuma mai rufi. Wanda ba ya sauyawa ko an rufe Mixer, galibi layin ƙasa ne ya zagaye sau biyu, ta filogin na'ura da na amfilifaya, da kuma ta wayar da ta haɗa su. Kada a karya ƙafar ƙasa ta filogi, ran mai kiɗa ne a kai. Akwatin ƙarfen ya zauna a haɗe da ƙasa, sai a ware layin ƙasan sautin daga jikinsa da rasista om 10 zuwa 15 tare da dayod biyu masu kallon saɓani. Mai haɗawa a Najeriya ko Nijar kuma ya tabbatar babbar taransifomarsa ta bolt 230 ce, ba ta 120 ta Amurka ba.

Kukan da ke tashi shi kaɗai idan an ƙara murya, girgizar lasifika ce ta isa sifirin. Robobin da ke ramukan sukuru an sa su ne don tankin ya yi lilo, duk wanda ya ɗaure su tamau ya kashe amfaninsu. A sassauta har tankin ya riƙa motsi kaɗan a hannu, a kuma sauke na'urar daga kan amfilifaya a ajiye ta a kan kujera a gefe.