Gyaran gida don rage kuɗin wuta a Amurka: me ya kamata ka fara saya?

Kafin ka sa hannu a kowace takarda da ɗan kwangila ya miƙo maka, ka san cewa rangwamen harajin da gwamnatin tarayyar Amurka ke bayarwa kan gyaran gida ya ƙare. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a 2022 ce ta faɗaɗa shi, wata dokar kuma da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta datse shi. Duk aikin da aka kammala bayan 31 ga Disamban 2025 ba ya cikin lissafi. Don haka in mai talla ya ƙwanƙwasa maka ƙofa yana cewa gwamnati za ta ɗauke maka kashi 30 cikin 100, ka tambaye shi wace gwamnati, kuma a wace takarda aka rubuta.

Wanda ya yi aikin tsakanin 2023 da 2025 kuwa, haƙƙinsa yana nan. Fom 5695 na hukumar haraji ta IRS ake cikawa. In ka riga ka shigar da harajin shekarar ba ka nema ba, kana iya gyarawa da fom 1040-X cikin shekara uku. Ka nemo rasiɗinka. Kayan da aka ɗaura a 2025 kuma, irin su tagogi da na'urorin ɗumama gida, sai an rubuta lambar da IRS ta ba kamfanin da ya ƙera su.

Yadda aka tsara rangwamen yana koya wa mai saye abu mai amfani ko a yau. Ɗauki tagogi. Su ne suka fi ɗaukar ido, masu talla ma sun fi son su. Amma ko ka kashe dala 15,000 ka sauya na gidanka kaf, dala 600 kawai doka ta yarda a rage maka a shekara, kuma ba a lissafa ladan masu aiki. Ƙofa ɗaya dala 250, duka ƙofofin kada su wuce 500. A ganina, in taga ba ta ruɓe ko ta tsage ba, a bar ta. Robar liƙe gefe ta 'yan daloli tana tare yawancin iskar da ke shigowa ta nan.

Inda kuɗi ke yin aiki shi ne wurin da baƙo ba ya gani: saman silin da ƙarƙashin gida. Iska mai ɗumi sama take tashi. Gidan da ba a toshe kafofinsa ba, ba a kuma shimfiɗa masa abin tare zafi mai kauri a ƙarƙashin rufi ba, ɗumama shi tamkar zuba ruwa ne a kwando. Shi ya sa nake cewa a fara kiran ƙwararren mai binciken gida. Zai kafa babbar fanka a bakin ƙofa ya zuƙe iskar ciki, sai ka kai hannu kusa da soket ko gefen bututu ka ji sanyi na hurowa ta inda ba ka taɓa zato ba. Binciken kansa an ware masa dala 150, kayan toshewa da na shimfiɗa kuma har dala 1,200 a shekara.

Bayan wannan sai na'urar da ake kira famfon zafi, wadda ke ɗumama gida da hunturu, ta sanyaya shi da bazara. Ba ta ƙona komai. Zafin da ke cikin iskar waje take jawowa ciki, shi ya sa ba ta cin wuta kamar hita. An ware mata dala 2,000 nata na daban, har da ladan ɗaurawa. Wanda ke ɗumama gida da mai na tanki ko hitar lantarki zai ga bambanci sosai. Wanda ke da iskar gas mai araha, a jihar da lantarki ke da tsada, ya zauna da biro da takarda tukuna, don bil ɗinsa na iya ƙin sauka. Kuma in an fara toshe gidan, ƙaramar na'ura ma ta wadatar.

Sola ita ce ta ƙarshe a jerina, ko da yake rangwamenta, kafin ya ƙare, ba shi da iyaka: kashi 30 na duk abin da aka kashe, har da batir. Sharaɗin shi ne farantan su zama mallakinka. Wanda ya ɗauke su haya, kamfani ne ke cin moriyar. 'Yan'uwa masu gudun riba su karanta takardar bashin sola da kyau, domin galibi akwai kuɗin ruwa, wani lokaci a lulluɓe cikin farashin.

Akwai abin da ke tayar wa mutane hankali lokacin shigar da haraji. Rangwamen ba kyautar kuɗi ba ce, daga harajin da ake bin ka ake cirewa. In harajinka na shekara dala 800 ne, 800 ɗin kaɗai za ka samu, ragowar na tagogi da famfon zafi ya tafi ke nan. Wannan ya sa masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda sanyi ya fi cuta, ba su ci moriyarsa sosai ba, abin da har yau yake damuna.

Su kam, hanyarsu ta jiha ce. Shirin gwamnatin tarayya na gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi kyauta yana nan tun 1976, ta hannun jihohi ake nema, kuma ɗan haya ma yana iya shiga da yardar mai gida. A New York akwai shirin EmPower+ na NYSERDA, hukumar makamashi ta jihar, jihar kuma tana da nata rangwamen sola na kashi 25, har dala 5,000. A Massachusetts akwai Mass Save, shirin taimaka wa gidaje rage cin makamashi. Ka kira kamfanin wutarka kafin a fara aiki, domin wasu shirye-shiryen ba sa biya sai in ɗan kwangilar yana cikin jerin waɗanda suka amince da su.