MBA ko MSc: Amsa ga Ƙanina Mai HND

Ƙanina, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce kana da HND, wato babbar difloma, ta harkar gudanar da kasuwanci daga kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, ka gama bautar ƙasa, kana aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma, idan kaka ta yi kuma kana taɓa sayen riɗi da zoɓo. Kana son sanin wanda ya fi tsakanin MBA da MSc, waɗanda dukansu digiri na biyu ne, da kuma ko ɗayansu zai kai ka ga koyarwa a jami'a wata rana.

Da farko dai, da HND babu wanda za ka shiga kai tsaye a cikinsu. Sai ka bi ta PGD, wato diflomar gaba da digiri, wadda ake yi a zango biyu, kusan shekara guda. Ita ce gadar mai HND, da wanda digirinsa ya fito da daraja ta uku, da wanda ya karanta wani fanni daban yake son ya sauya layi. Mutane suna raina ta, suna cewa ai tsani ce kawai. To, tsanin ne za a duba makinsa ranar da ka nemi digiri na biyu. Wanda ya yi mata riƙon sakainar kashi yakan tarar ƙofar MBA a buɗe, ta MSc kuwa a rufe, domin sassa da yawa sun fi tsanantawa a can.

Yanzu ga su biyun. Dukansu mastas ake ce musu, a takardar ɗaurin aure ma ba a bambanta su, amma ba gida ɗaya suke kai mutum ba.

MBA karatun mai aiki ne. An gina shi don wanda ke riƙe da ofis ko shago ko kamfani: yadda ake karanta lissafin riba da asara, yadda ake tsara kasafi, talla, kula da ma'aikata, dokokin kasuwanci. Akwai ɗan bincike a ƙarshe, amma ba shi ne ƙashin bayan karatun ba. Yawanci ƙarshen mako ake yin lakca, shi ya sa ma'aikatan banki da na gwamnati suke cika ajin. A Jami'ar Bayero akwai makarantar kasuwanci ta Dangote da ke ba da shi. Kuɗinsa ya fi na MSc nauyi kusan ko'ina, tun da an ɗauka mai albashi ne zai biya. Wani amfanin da ba a rubutawa a takardar talla shi ne mutanen da za ka zauna benci ɗaya da su. Kai da ke tara buhunan riɗi a ƙauye, sanin mutum ɗaya da ke aiki da masu fitar da kaya daga Dawanau zai iya fi maka darasin zango guda.

MSc kuwa karatun mai son ya zama malami ko mai bincike ne. Kwasa-kwasan ajin sukan ƙare a shekarar farko, daga nan sai a bar ka da kundin bincikenka da malamin da ke duba maka shi. A nan mutane suke maƙalewa. Za ka gabatar da shawarar bincike a gaban malaman sashe, su yi mata kaca-kaca, ka gyara, ka tattara bayanai, ka sake tsayawa gabansu, sannan a kira mai jarrabawa daga wata jami'a. A takarda shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne. A zahiri, idan malaminka ya yi tafiya ko ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, sai abin da Allah ya yi. Lakcarsa kuma a ranakun aiki take, don haka sai ka nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce daga hukumar da ke kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ba ka dogara da "je ka kawai, zan rufa maka asiri" na shugaban sashenku ba. Ranar da aka sauya shi, asirin ya tonu.

Ga wurin da ya fi muhimmanci a tambayarka, kuma a nan ni kaina na yi tuntuɓe. Jami'o'inmu suna ɗaukar MBA a matsayin digirin sana'a, wanda hanyarsa take ƙarewa a kansa. Ba a saba shiga digirin digirgir da shi kai tsaye ba, ba kuma shi ake nema ba idan za a ɗauki mataimakin lakcara. Ni na yi MBA ina murna, na ɗauki takardata na je wata jami'a neman gurbin digiri na uku, wani dattijo a ofishin ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam, wannan ta kasuwa ce, ka je ka kawo ta makaranta." Sai da na koma na yi MSc daga farko, shekara uku ta sake tafiya. Da wani ya zaunar da ni ya faɗa mini wannan tun farko, da ban sayar da shanu biyu a banza ba. Ko da yake ba zan ce a banza ɗungurungum ba, don da ilimin MBA ɗin nake riƙe littafin shagona har yau.

Saboda haka idan da gaske zuciyarka tana kan allo, kana hango kanka a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, MSc ce hanyarka, sannan ka ƙudurta cewa digiri na uku na biye, don ba a nisa a koyarwar jami'a sai da shi. Sai dai in gaya maka gaskiya: a wajen ɗaukar malaman jami'a ana yawan tambayar digirin farko, mai HND da PGD yakan sha tambayoyin da mai digiri ba ya sha. Kwalejojin fasaha, irin ta Dutse ko Binyaminu Usman ta Haɗejiya, sun fi sanin darajar takardarka.

Idan kuwa maganar koyarwar nan sha'awa ce ta gefe, abin da kake so shi ne ka hau sama a ofis kuma cinikin riɗinka ya tashi daga na kaka zuwa na shekara, to MBA ta ishe ka. Har ma zan ƙara da cewa tun da a sashen kuɗi kake, takardar ICAN ko ta ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, za ta iya yi maka aikin da mastas ba za ta yi ba, domin ita ake dubawa idan ana maganar manyan kujerun akanta. Ka auna wannan kafin ka zuba kuɗi.

Sai maganar nisa, wadda mutanen birni ba sa sakawa a lissafi. Daga ƙauyenku zuwa Kano kowane mako, kuɗin mota da na kwana da na abinci, idan ka tara na shekara biyu, kada ka yi mamaki in ya kamo kuɗin makarantar. Kuma idan lakca ta faɗo ranar Lahadi, ka yi sallama da kasuwar Gujungu. Da damina ga gona. Akwai mafita biyu: Jami'ar Ahmadu Bello tana ba da MBA ta intanet a cibiyarta ta karatu daga nesa, ga kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai cibiyoyi a Kano da Dutse. Amma wannan sai mai sabis mai ƙarfi da wutar sola da kuma horon kai, don babu mai kiran suna a aji. In ka san sai ka hau tudu kake samun sabis, ka yi tunani sau biyu.

Kada ka saurari masu cewa za su kawo maka mastas daga Kwatano cikin wata shida. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin da ake yi da su.

Takardun da za ka tanada iri ɗaya ne ko wanne ka zaɓa: sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, takardun ND da HND, shaidar bautar ƙasa, wasiƙun masu tsaya maka, da transkirif, wato cikakken bayanin makinka wanda makaranta ce take aika wa makaranta. Wannan na ƙarshen ka fara bin sa tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa leƙa shafin makarantar gaba da digiri na jami'ar da kake so, ka sayi fom a can da hannunka, ba ta hannun dillali ba.

Ni dai a yadda na karanta saƙonka, sau uku ka ambaci riɗi, sau ɗaya ka ambaci koyarwa. Ka yi PGD a bana, ka dage ka fito da maki mai kyau yadda ƙofofin biyu za su kasance a buɗe. A cikin shekarar ka samu wani malamin sashen, ka roƙe shi ya nuna maka kundin MSc guda ɗaya da aka kammala, ka zauna ka karanta babi na biyu da na uku. Idan ka kai ƙarshe ba ka yi hamma ba, ka kira ni mu sake magana.