Tsohuwar kwamfutar gem da kuɗi kaɗan: wane ɓangare za ka fara sauyawa?

Kwamfutar da aka haɗa shekara bakwai ko takwas da suka wuce ba ta tsufa gaba ɗaya a lokaci guda. Yawanci ɓangare ɗaya ne ke riƙe sauran, kuma idan kuɗin hannunka ba su wuce na abu ɗaya ko biyu ba, dole ka gano wannan ɓangaren kafin ka taɓa aljihu. Da yawa kan garzaya su sayo katin hoto (GPU, ɓangaren da ke zana hoton gem), su dawo su tarar gem na nan yana cijewa kamar da, domin tun farko furosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta) ce ta gaza.

Gwajin gano wannan ɓangaren kyauta ne. Sauke manhajar MSI Afterburner tare da RivaTuner, ka sa su riƙa nuna maka a gefen sikirin aikin katin hoto, aikin kowace cibiya (core) ta furosesa, yawan RAM da VRAM (RAM ɗin katin hoto) da ake ci, da zafi, da FPS (adadin hotunan da gem ke fitarwa a daƙiƙa). Kashe V-Sync, saitin da ke ɗaure FPS da gudun sikirin, ka buga gem ɗin da ya fi wahalar da injin na kamar minti 15, a wurin da ya fi cunkoso. Idan katin yana zaune a kashi 95 zuwa 99, shi ne ya kai iyakarsa. Idan yana yawo a 60 ko 70 alhali FPS na ƙasa, to furosesa ko RAM ce ba ta isar masa da aiki. Kada jimillar aikin furosesa ta ruɗe ka, tana iya nuna 50 alhali cibiya ɗaya ta cika maƙil, kuma ita gem ɗin ke jira. Don ka tabbatar, sauke hoton zuwa 720p da saiti mafi ƙasa. FPS bai motsa ba? Sabon kati ba zai ƙara maka komai ba. In kuma ka ga zafi na haura digiri 90, fara da kaɗe ƙura da sauya man da ke tsakanin furosesa da na'urar sanyaya ta, domin injin da ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu.

RAM da SSD

Waɗannan su ne mafi sauƙin kuɗi. Wanda har yanzu Windows ɗinsa ke kan faifan HDD mai juyawa, ya sayi SSD, faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, kafin komai. Na SATA yana kaiwa kusan MB 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 kuma kusan 3,500, amma a wajen loda gem tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba. SSD ba ya ƙara FPS, jira da sarƙewa yake ragewa. A duba littafin madabod (bod, babban allon da komai ke ɗaure a kai) tukuna, don wasu ramukan M.2, irin waɗanda ake soka NVMe a ciki, SATA kawai suke karɓa.

RAM GB 8 ta yi kaɗan a yau, 16 ce mafi ƙarancin abin da za a nema. Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne adadin sanduna: biyu masu GB 8 sun fi ɗaya mai GB 16, saboda suna buɗe hanya biyu zuwa furosesa. A bod mai rami huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa su. Bayan haka a shiga BIOS, wato saitin bod da ake shiga lokacin kunna inji, a kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, ko DOCP a bod ɗin Asus na AMD, in ba haka ba DDR4 da aka saya a matsayin 3200 za ta zauna a 2133 ko 2400. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna.

Soket ne ke yanke hukunci

A nan hanya ta rabu, kuma abin da ke kan bod ɗinka ne zai faɗa maka wadda za ka bi. Manhajar CPU-Z za ta nuna sunan bod da na BIOS.

Mai AM4, soket ɗin AMD, wato mazaunin furosesa a kan bod, shi ne ya fi kowa sa'a. AMD ta riƙe wannan soket tun daga Ryzen na farko a 2017 har zuwa jerin 5000, kuma a 2022 ta buɗe wa tsofaffin bod irin su A320 da B350 da X370 ƙofar ɗaukar jerin 5000 ta hanyar sabunta BIOS. Ke nan mai Ryzen 5 1600 ko 2600 zai iya cire ta ya ɗora 5600, ya bar bod da RAM ɗinsa yadda suke. Tsakanin 5500 da 5600 akwai bambancin da sunan bai nuna ba: 5500 tana da ma'ajiyar L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, ta MB 16 kuma ta tsaya a PCIe 3.0, 5600 kuwa MB 32 gare ta, kuma gem na son wannan ma'ajiya ƙwarai. In tazarar kuɗin ba ta da yawa, 5600 ce zaɓi. Sama da su akwai 5700X3D da 5800X3D masu MB 96, waɗanda su ne ƙololuwar AM4 a gem, sai dai suna cin wat 105 maimakon 65, suna bukatar na'urar sanyaya ta kirki, kuma farashinsu kan hau har ya kusa kai na sauya bod ɗin baki ɗaya. A kan bod ɗin A320 mai raunin sashen wuta, ko kusa da katin hoto mai ƙaramin ƙarfi, sayensu ɓarnar kuɗi ne.

Kuskuren da ya fi yawa: cire tsohuwar furosesa kafin sabunta BIOS. Sabuwar ba za ta tashi ba, sikirin zai tsaya baƙi. A sabunta tukuna, a karanta bayanin kamfanin bod ɗin, domin wasu sai an bi ta wani BIOS na tsakiya kafin na ƙarshe, wasu kuma na ƙarshen yana daina gane tsofaffin furosesa. Kada wuta ta ɗauke ana cikin aikin. Wajen cirewa, a kunna injin ya ɗan ɗumama, sannan a murɗa na'urar sanyayar hagu da dama kafin a ɗaga. Busasshen mai yakan fizgo furosesar AM4 daga soket, ƙafafunta su lanƙwashe.

Mai Intel hanyarsa gajeriya ce. Soket ɗin LGA1151 kala biyu ne masu suna ɗaya: bod na jerin 100 da 200 na ɗaukar tsara ta 6 da ta 7, na jerin 300 kuma ta 8 da ta 9, kuma ba sa musaya. Mai i5-6500 ko 7400 iyakarsa i7-7700 ko 7700K, cibiya huɗu har wa yau, kuma 'yan kasuwar na hannu sun san haka, shi ya sa ba sa sakin ta da sauƙi. Ga kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da Intel tsara ta 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Don haka zuba kuɗi a tsara ta 7 ko LGA1150 mai DDR3 ba dabara ba ce. Gara a sayi bod da furosesa tare: ko B450 ko B550 da Ryzen 5 5600, ko H610 ko B660 da i3-12100F ko i5-12400F. Bod ɗin LGA1700, irin su H610 da B660, akwai na DDR4 akwai na DDR5, sai a zaɓi na DDR4 in ana son ci gaba da tsohuwar RAM. Harafin F na nufin babu hoto a cikin furosesar, ranar da katin ya samu matsala ba za ka ga komai a sikirin ba. Sannan lasisin Windows yakan ɗaure da bod, a haɗa shi da asusun Microsoft kafin sauyi.

Katin hoto

In gwaji ya nuna katin ne, mafi yawan kuɗin nan za su tafi. Ƙa'ida ta farko, kada a sayi mai VRAM ƙasa da GB 8. Ga mai GTX 970 ko 1060 ko RX 580 da ke wasa a 1080p, RX 6600 tsalle ne na gaske: GB 8, wat 132, wayar wuta ɗaya mai fil 8. RTX 3060 mai GB 12 tana cin wat 170 kuma tana da DLSS, fasahar Nvidia ta ƙara FPS; a lura, akwai mai GB 8 da suna iri ɗaya wadda ba ta kai ta ba. RTX 4060 wat 115 kawai take ci, abin da ya sa ta dace da injin da wutarsa ke da rauni.

Akwai waɗanda ya kamata tsohon inji ya guje wa. RX 6500 XT layi huɗu kawai take amfani da su na PCIe, ga VRAM GB 4, a bod mai PCIe 3.0 sai ta shaƙe. Katunan Intel Arc, har da B580 mai GB 12, suna bukatar wani saitin BIOS mai suna Resizable BAR, wanda tsofaffin bod da yawa ba su da shi. GTX 1070 da 1080 na hannu suna jan ido, amma ba su da DLSS, kuma gem irin su Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa buɗewa sai da katin da aka ƙera da sashen bin haske (ray tracing). RX 580 mai lakabin 2048SP kuwa RX 570 ce aka sauya wa suna.

Na hannu ba laifi, muddin za a gwada a gabanka. Manhajar GPU-Z ta tabbatar da sunan katin da yawan VRAM, manhajar gwaji ta FurMark ko gem mai nauyi ya yi minti 20. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, sikirin da ke ɗaukewa, ko fankar da ke gurnani, duk dalilin fasa ciniki ne. A auna tsawon akwatin kwamfutar kafin saye, kuma in daga Nvidia za a koma AMD ko akasin haka, a goge tsohon direban katin da manhajar DDU.

Wuta

Na'urar rarraba wuta, wato PSU, ba ta ƙara FPS ko ɗaya, shi ya sa ake mantawa da ita, amma a nan ne arha ba ta ado. Ramin katin yana ba da wat 75, waya mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150. In PSU ɗinka ba ta da wayar da katin ke nema, alama ce ba a yi ta don wannan nauyin ba. Adaftar da ke jawo wuta daga wayar SATA tana iya narkewa, domin ba a yi wannan mahaɗin don ya wuce wat 54 ba. Duba takardar da ke jikinta, ka karanta ƙarfin layin 12V, ba babbar lambar da ke kan kwali ba. Ryzen 5 5600 da RX 6600 za su zauna lafiya a kan wat 550 na kamfani sananne. Injin da ke mutuwa ko sake tashi da kansa da zarar gem ya yi nauyi, PSU ce farkon abin zargi. Wayoyin PSU masu cirewa ba a haɗa na wannan da na wancan ko da bakin ya shiga, jerin wutarsu ya bambanta kuma yakan ƙona faifai.

Kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo da aka mayar na gem sukan zo da PSU da mahaɗin bod na kamfanin kaɗai, wanda PSU ɗin kasuwa ba ta shiga sai da adafta. A irinsu, katin da ba ya neman waya, kamar RTX 3050 mai GB 6, shi ne iyakar abin da za a iya ɗorawa, kuma nan kaɗai ne ƙa'idar GB 8 ke da sassauci. In akwatin siriri ne, a tabbatar katin gajere ne kuma ya zo da ƙaramin ƙarfen ɗaurewa.