Risibar riyal 90 da ta ci mini riyal 280

Wata huɗu ke nan da na sauya wa Inna risiba, wato akwatin kama tashoshin dish, kuma tun da 'yan unguwa suka fara tambayata ko tana da kyau, na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Tsohuwar risibarmu ta fi shekara goma. Da ita muka taso daga unguwar Karantina lokacin rusau ɗin Jidda a 2022, a cikin buhun shinkafa na ɗauko ta. Lafiyarta ƙalau, tashoshi ne suka riƙa guje mata ɗaya bayan ɗaya. Ka danna lamba, sunan tasha ya fito, allo kuwa baƙi ƙirin. Da na kai wa mai gyara sai ya yi dariya, ya ce ba abin da ya lalace. Tashoshin ne suka koma HD, sabon tsarin da ake kira DVB-S2, ita kuma tsohon tsari kawai take ganewa. Wato ko gyara ba ta karɓa.

Inna ba ruwanta da HD. Abin da take so shi ne in ta idar da sallar Asuba ta ga ɗawafi a tashar Alƙur'ani, da yamma ta leƙa Madina a tashar Sunna. Ran da ta ce mini, "Kai ɗan nan, yau ma akwatin ya ƙi," ranar na tafi kasuwa.

Na sami wata 'yar ƙarama ƙirar Sin, ba ta wuce tafin hannu ba, riyal 90 har da harajin nan na kashi 15 cikin ɗari da ake ɗora wa kaya tun 2020. Na taho ina murna na yi arha. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kan dish ɗin, wanda masu sana'ar ke kira LNB, rana ta gasa shi har robarsa ta tsage, riyal 35. Wayar dish ɗin ta ruɓe, mita 20 riyal 40. Mai ɗaurawa ya hau rufi ya saita dish ɗin ya fuskanci Nilesat, digiri 7 yamma, ya karɓi 100. Ya so ya ƙara mini kai na biyu don Arabsat da ke digiri 26 gabas, na ce a bar wa baɗi. Bayan mako uku rimot ya faɗi sau ɗaya tak ya mutu, na sayi wani a 15. Ga mai albashi mai kauri wannan kuɗin shayi ne. Ga wanda yake lissafin haya da sabunta iƙama (takardar izinin zama) da kuɗin wuta a lokacin zafi, ba ƙaramin rami ba ne a wata guda.

Abin da ya cece ni, kuma shi nake so duk mai ƙaramin ƙarfi ya duba kafin ya biya: bayan risibar. Wasu ƙananan nan ramin HDMI kawai gare su, na talabijin ɗin zamani. Talabijin ɗin Inna kuwa mai ƙusumbi ce, wayoyi uku take sha, rawaya da ja da fari. Tawa tana da ramin duka biyun. Wani maƙwabcinmu bai duba ba, ya kai gida, sai da ta kai shi ga neman sabuwar talabijin a kasuwar Sawarikh. Risibar riyal 90 ta ja masa ɗaruruwa.

Hoto dai babu laifi, ko a tsohuwar talabijin ya fi na da tsabta, ana ganin tattabarun Harami sarai. Yara sun sami MBC3 da Spacetoon, kyauta, ba biyan wata. Risibar tana da ramin filas, a nan matata ke zuba finafinan Hausa su kalla da dare maimakon kowa ya duƙufa kan waya yana ƙona data.

Inda ta ba ni haushi shi ne jerin tashoshi. Da aka yi bincike ta kwaso ɗaruruwa a cakuɗe, rabinsu tallan magani da turare, wasu ma ba ka so yaro ya faɗa kansu. Dare biyu na yi ina gogewa da jerawa har na sa Makka a lamba 1, Madina a 2, don Inna ba ta karanta abin da ke allo, lamba take dannawa. Sannan tana ɗaukar zafi. An ce a manna ta a bayan talabijin, na manna, ta riƙa sandarewa da azahar. Yanzu a kan kantar ɗaki take, na sa mata murfin kwalba biyu a ƙarƙashi don iska ta ratsa, kuma tun lokacin ba ta sake ba.

Mai shago ya rantse mini za ta buɗe ƙwallo. Kada ka saurari wannan. Manyan wasanni a kulle suke sai da biyan kuɗi, babban ɗana har yanzu wurin abokansa yake zuwa kallo, ya dawo ƙarfe ɗaya ina masa faɗa.

In dish ɗinka da wayarsa suna da rai, saye ta, za ka fita a ƙasa da riyal 100. In sun kwana biyu a rana irin namu, tanadi 300 kafin ka taɓa komai. Rimot na biyun ma na naɗe shi da leda da salatif, Inna ce ke ajiye shi ƙarƙashin darduma.